Shin addini ne ya lalata ladabi a siyasar Amurka?

Malam, ka tambaya ko masu tsattsauran ra'ayin addini ne suka kawo zage-zage a siyasar Amurka. Da hannunsu a ciki, amma ni ban yarda a ɗora musu laifin duka ba.

A 1979 Fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority, ya ja Kiristoci masu ra'ayin riƙau zuwa jam'iyyar Republican, suka mara wa Ronald Reagan baya a zaɓen shugaban ƙasa na 1980. Cikin abubuwan da suka fi ci musu rai har da hukuncin kotun ƙoli na 1973 da ya halatta zubar da ciki. To, in ka ɗauki abokin hamayyarka a matsayin maƙiyin Allah, ai sulhu da shi ya zama saɓo. Nan gizo ke saƙa.

Sai dai akwai rediyo. A 1987 aka soke ƙa'idar da ta wajabta wa gidajen rediyo da talabijin jin ta bakin kowane ɓangare, masu gabatar da shirye-shiryen siyasa a rediyo irin su Rush Limbaugh suka samu fili, zagi ya zama kasuwa mai riba. Shi kuwa ɗan majalisa Joe Wilson da ya daka wa Obama tsawa a zauren majalisa a 2009 cewa ƙarya yake yi, maganar inshorar lafiya ake yi, babu addini a ciki.