Magarya da kurna baƙi ne ko 'yan gida?

Malam, ka tambaya ko kawo magarya da kurna aka yi kamar dogon yaro. Kurna da magaryar kura 'yan ƙasa ne, dangi ɗaya suke da magarya, ita ma ta daɗe a dazukanmu. Baƙuwar ita ce magarya mai manyan 'ya'ya da ake sayarwa a Nijar, wadda suke kira Pomme du Sahel. Irin Indiya ce, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa ta. Reshenta ake ɗaurawa a kan tushen magaryar gida, saboda tamu ta fi jure fari. Don Allah kada ka sare ta gonarka, ka nemi mai iya ɗaurin ya aura maka.