Tambaya da Amsa: Dole Sai an Kai Ɗalibai Bakin Teku Kafin Su Gane Labarin Ƙasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Agege, ina koyar da labarin ƙasa a babbar sakandare. Wallahi abin ya fara hana ni barci. Yara na ta barin darasin, waɗanda suka rage kuma sai hamma, ga jarrabawar WAEC na matsowa, taswira kuwa ko kallonta ba sa son yi. Wani mai shirya wa makarantu fita ya zo ya ce maganin abin a kai su bakin teku wajen Lekki, kowane yaro ya biya, shi zai kawo mota da abinci. Shugabar makaranta ta bar min zaɓi. Iyaye da yawa ba su da halin biya, ni kuma gabana na faɗuwa game da ruwan. In ban kai su ba na cuce su ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Ba ki cuce su ba. Wannan faɗuwar gaban ma ki riƙe ta da kyau, don ta fi shawarar mutumin nan amfani.

Bari in fara da abin da ya fi ɓata min rai, domin kusan duk inda muka zauna da malaman wannan fanni sai ya taso. An cusa wa makarantu cewa aikin fili da manhaja ke nufi shi ne a ɗauki hayar bas, a ɗinka wa yara riguna iri ɗaya, a je wani wuri mai nisa a ɗauki hotuna a dawo. Wannan yawon buɗe ido ne, kuma ba laifi ba ne ga wanda ke da hali, amma kada a laƙaba masa sunan karatu. Aikin fili yana farawa da tambaya, sai a auna wani abu, a rubuta, a dawo aji a zana, a yi gardama a kan abin da aka samu. Ki tambayi mai motar nan abu ɗaya: me yara za su auna a can, kuma da me? Na tabbata zai ce miki gani ya kori ji. To gani me? Yaron da ya wuni yana wasa da yashi yana cin shinkafa a roba, in kika tambaye shi washegari wane gefe yashin ke tafiya, ba zai iya ce miki komai ba.

Waɗannan mutane 'yan kasuwa ne, ribarsu a kan kowane kai take. Shi ya sa ba za ki taɓa jin sun ce a rage yawan yara ba, kullum sai dai a ƙara. Malami ɗaya ko biyu, yara cike da mota, a gaban Tekun Atlantika. Malama, tekun Legas ba kududdufin bayan gari ba ne. Akwai wata igiya da ke komawa ciki ta wata siririyar hanya, kuma abin takaicin shi ne wurin da take bi shi ne ya fi kama da lafiyayye a ido, saboda kumfa ba ta cika tashi a nan ba. Yaro na tsaye ruwa iya cinya, sai ya ji yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafarsa. Gwanin iyo ma in ya ce zai yi kokawa da ita ya nufo gaɓa kai tsaye gajiya zai yi, dabarar ita ce ya yi gefe har ya fita daga hanyarta. Yaranki nawa ne suka iya iyo, balle su san wannan? Ke kin iya? Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Kuma in ɗaya ya tafi, abokinsa ne zai bi shi don ya cece shi, haka ake rasa biyu a wuri ɗaya.

Sai a ce ai iyaye sun sa hannu a takarda, ofis ma ya buga hatimi. Na gaji da jin wannan. Za a yi makonni ana yawo da wasiƙa daga wannan tebur zuwa wancan, amma babu mai tambayar ko akwai mai ceto a wurin, ko malamai nawa za su raka yara nawa, ko wane asibiti ne mafi kusa. Takarda tana kare makaranta ne, ba ta fito da yaro daga ruwa. Ranar da abu ya faru, Allah Ya kiyaye, mai mota zai kashe wayarsa, ke za ki tsaya gaban uwar yaron. Yaran nan amana ce aka ba ki, kuma za a tambaye ki ita. Ga kuma wanda ubansa bai iya biya ba, an bar shi a gida, an koya masa cewa wannan darasi na masu kuɗi ne. Wane ilimi aka yi ke nan?

In darasin gaɓar teku kike so, faranti mai faɗi da yashi da ruwa sun isa. Ki tara yashi a gefe ɗaya, ki sa yaro ya riƙa turo ruwa a karkace da ɗan katako, za su ga yashin na tafiya gefe. Sai ki gitta rula a tsakiya: ɓangare ɗaya ya tara yashi, ɗayan ya cinye. Abin da ya sami Legas ke nan. Yashin gaɓarmu daga yamma yake tafiya zuwa gabas, da aka gina katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912 sai suka tare shi, gaɓar tekun da ake kira Bar Beach ta yi ta zaizayewa shekara da shekaru. A wurin ne yanzu aka cike teku ake gina sabon birnin Eko Atlantic.

Yanzu ga abin da zan so ki yi, kuma duk a cikin harabar makaranta ne ko tafiyar ƙafa.

Taswira tukuna, tunda ita ce tambayar dole a takardar aiki ta WAEC kuma a nan ake zubar da maki. Ki daina ba su taswirar wani gari da ba su taɓa gani ba a ranar farko. Kowane yaro ya auna tsawon takunsa, su kasu rukuni-rukuni, su taka harabar makaranta, su zana ta a kan santimita 1 daidai da mita 5. Wanda ya sha wahalar matse filin ƙwallo cikin takarda, in ya ga ma'aunin 1:50,000 a taswira ba zai firgita ba, zai gane santimita 2 ita ce kilomita 1. Layukan tudu kuwa, wato layukan da ke nuna tsayin ƙasa a taswira, matsala ce ta musamman a nan, don yaron da aka haifa a Legas wataƙila bai taɓa hawa dutse kamar Dala ba. Ki samo rabin doya ki kifa, ki yanka ta faifai-faifai masu kauri ɗaya, su ɗora kowane yanki a takarda su zagaye shi da biro, babba a waje ƙarami a ciki. Inda layuka suka matsu nan ne gangare mai tsanani, da idonsu za su gani.

Sai ruwan sama. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili nesa da rufi da bishiya, da rula, a riƙa aunawa kowace safiya a lokaci ɗaya. In kun fara daga Mayu za su kama ruwan Yuni mai yawa, wani ya ci gaba a gida lokacin hutu ya kamo sassaucin Agusta, sannan ruwan ya dawo a Satumba da Oktoba. Waɗanda ke zuwa gida Arewa su faɗa musu cewa a Kano Agusta ce tsakiyar damina. Me ya sa? Nan za ki shigo da iskar kudu maso yamma mai ɗauke da danshin teku da ta arewa maso gabas mai kawo hunturu, da yadda mahaɗarsu ke hawa arewa tana dawowa. Ki ƙara musu wannan lissafi: milimita 1 ta ruwa lita 1 ce a kan kowace murabba'in mita. Rufin aji mai mita 10 da mita 8, in aka yi ruwan milimita 50, ya zubo lita 4,000. Ina ruwan zai je? Su cire gindin gwangwanin madara, su kafa shi a yashi, da jar ƙasa, da wurin da ƙafa ta daddaɓe, su zuba ruwa daidai wa daida su duba agogo. Bayan haka ku leƙa kwatar ƙofar makaranta da ledojin da ke cikinta. Ba sai kin yi dogon bayani a kan ambaliya ba.

Wanda na fi so shi ne sanda da inuwa, don yana taɓa abin da yaranmu ke yi kullum. Ki tambaye su me ya sa rana ba ta kaiwa tsaka (lokacin da inuwar sanda ta fi gajarta) a Legas sai tsakanin 12:30 da 1:00, alhali a Maiduguri ta riga mu da kusan minti 40. Agogon Najeriya an ɗaura shi ne a kan digiri 15 gabas, Legas tana kan digiri 3 da 'yan kai, Maiduguri 13, kowane digiri kuma minti 4 ne. Lissafin lokaci da suke tsoro ya zama maganar Azahar. Haka alƙibla: muna cewa gabas, amma daga Legas wajen digiri 63 ce daga arewa, wato ta karkata arewa maso gabas sosai. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin 10:18 na safe, da 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27, rana na kan Ka'aba daidai. In hadari bai rufe ba, inuwar miƙaƙƙiyar sanda za ta ba alƙibla baya, su gwada da kamfas. Ɗalibanki da ba Musulmi ba ma darasin auna kusurwa suka samu.

Ciniki da sufuri kuwa iyayen yaran ne littafin. Kowa ya tambayo a gida ko a kasuwa: albasar Aliero, tumatirin Kadawa, dankalin Jos, doyar Zaki Biam, shanun Potiskum, wace hanya suke bi kafin su iso kasuwar Mile 12 ko mayankar Oko-Oba, kwana nawa, a wane wata suke tsada? Su zana kibiyoyi a taswirar Najeriya. Su kuma tambayi dattawa abin da ya fara kawo Hausawa Agege, za su ji labarin goro da layin dogon da ya isa Kano a 1911.

Ga shugabarku, ki je mata da jadawalin zango ɗaya a rubuce: taswirar haraba, gwangwanin ruwa, sanda, tambayoyin kasuwa, da kuɗin da kowanne zai ci, wanda bai wuce na kwali da doya ba. In daga baya kuna son fita, ku zaɓi wuri mai shinge da jagora kamar gandun kiyaye halittu na Lekki, ki riga su zuwa ki duba da kanki, a tafi da 'yan kaɗan da isassun malamai, kowane yaro da takardar tambayoyinsa a hannu. Mai motar kuma ki gode masa ki ce ba wannan zangon ba.