Amsa: Dalilin da ya sa farar kujerar roba ta cika duniya

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya sa kujerar robar da ake jerawa a wajen biki da zaman makoki take da araha haka, kuma fasalinta kusan iri ɗaya ko'ina.

Tushen abin ya girmi roba. A 1859 Michael Thonet, wani kafinta Bajamushe da ke aiki a Biyana, ya fito da kujerarsa mai lamba 14. Turiri yake bai wa itace har ya yi laushi, sai a lanƙwasa shi a cikin mazubin ƙarfe. Katako shida ne, sai kusoshi. Ana tura ta a kwakkwance, guda 36 a akwati ɗaya, a harhaɗa a can inda ta sauka.

Ta robar kuwa ta wuce nan, domin babu ko ƙusa ɗaya a jikinta. Ana narkar da ƙwayoyin roba ne, a ɗura su da ƙarfi cikin mazubi. A 1972 Henry Massonnet na Faransa ya iya fitar da kujera ɗaya cikin ƙasa da minti biyu. Mazubin ne mai ɗan karen tsada, shi ya sa dole a buga dubbai kafin kuɗi ya fita.

Don Allah ka kifa ɗaya ka duba. Ƙafafun a buɗe suke ta ciki domin a ɗora wata kan wata, har mai haya ya loda tuli a kura ɗaya. Tsagogin bayan suna rage roba, ruwa kuma ba ya kwanciya. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masana'antu ke tsuke robar fiye da kima, sai ka ga ƙafa ta ɓalle da dattijo a tsakiyar taro.