Family Link zai hana yaro ganin abin banza a waya?

'Yar uwa, kin tambaya ko sa Family Link, manhajar Google da iyaye ke kula da wayar yara da ita, a wayar Android ta yaronki ɗan shekara 10 ya isa ki huta da fargabar abin da zai gani. Zai taimaka ƙwarai, amma shi kaɗai bai isa ba. Ki buɗe masa asusun Google na yara, ki haɗa shi da naki. Daga wayarki za ki ƙayyade awannin da zai yi a rana, ki sa wayar ta kulle kanta da dare, kuma ba zai sauke manhaja daga Play Store ba sai kin amince. Ki kunna SafeSearch, wato matatar da ke tace abin batsa daga binciken Google, ki ba shi YouTube Kids maimakon na manya.

Sai dai tacewar ta fi ƙarfi ne kan Chrome da binciken Google. Ba ta leƙa cikin hirar WhatsApp, kuma bidiyon da aboki ya tura masa ta Xender ko Bluetooth, ko babu data, ba ruwanta da shi. A gidanmu ta nan ɓarakar ta fito, wajen mai caji a bakin layi yara ke musayar bidiyo. Ki toshe Xender tun daga Family Link, ki riƙa duba hotuna da bidiyon wayar tare da shi, yana zaune. Kuma in yana aron wayarki ko ta yayarsa, duk shirin nan bai shafe su ba, sai ku sa musu lambar sirri da bai sani ba.