Amsa ga mai tambaya kan Kakuri da tsohuwar Kaduna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana mai tambaya, na ga abin da ka rubuto, ka ce kai haifaffen Rigasa ne amma kullum in kakanka ya tashi hira sai ya ce "lokacin da muke Kakuri", kai kuma da ka je Kakurin ba ka ga komai ba sai dogayen katangu da ciyawa, shi ne kake tambaya wai me ke Kakuri a da, kuma me ya taso su daga can. Na ga wasu sun amsa maka cewa Kaduna ai garin Turawa ne ba ta da wani tarihi. Wannan maganar ban yarda da ita ba sam, kuma ita ta sa na zauna rubuta wannan. A Kakuri aka haife ni, babanmu Allah ya jiƙansa ma'aikacin masaƙa ne har ƙarfinsa ya ƙare.

Gaskiya ne Kaduna ba ta da ganuwa irin ta Zariya ko Kano. Gbagyi, wato Gwari, ne a wurin tun asali da ƙauyukansu da gonakinsu, shi ya sa har gobe akwai Kakuri Gwari akwai Kakuri Hausa. Layin dogo mai zuwa Kano ya ratsa wurin a 1911, sannan a 1917 Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka dawo da ita nan, tunda ga kogi ga jirgi ga fili iya ganinka. 'Yar gadar ƙarfen nan ta wurin shaƙatawa na Gamji ma daga Zungeru aka kwaso ta. To sai garin ya tashi gida biyu, arewacin kogi na gwamnati ne, can Lugard Hall yake da ofisoshi da gidajen manya da gidan Sardauna, kudancin kogi kuma tashar jirgi da kwatas ɗin 'yan reluwe, kuma nan ne daga baya aka jera masana'antu.

Sardauna ne ya dage sai audugar da ake nomawa a Funtuwa da Malumfashi da Gusau an saƙa ta a gida maimakon a loda ta a jirgi a kai Ingila. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila, bayanta Nortex da Arewa Textiles ta Japanawa da United Nigerian Textiles, wato UNTL, ta 'yan Chana suka biyo cikin shekarun 1960. Masana'antar makamai ta soja, DIC, ita ma nan aka kafa ta a 1964, Fijo ta fara harhaɗa mota a 1975, matatar mai ta hanyar Kachia ta zo a 1980. Ka ga kenan duk wanda ke neman aikin albashi a Arewa, har da ƙetaren Kwara, kudancin garin Kaduna zai nufo. Adams Oshiomhole da ka sani a siyasa, a Arewa Textiles ya fara aiki, daga nan ya shiga harkar ƙungiyar ƙwadago.

Amma abin da kakanka yake tunawa wallahi ba shekarun nan ba ne. Jiniya yake tunawa. Masaƙa ba ta barci, aiki kashi uku ne, masu safe masu rana masu dare, in jiniyar canji ta yi kuka duk unguwa ta san ƙarfe nawa, iyayenmu mata da ita suke ɗora tukunya. Sai ka ga titi ya cika maƙil da kekuna, Rale da Fonis, wasu na shiga wasu na fita, mota ma sai ta tsaya ta ba su hanya. Babanmu in ya dawo za ka ga ɓurɓushin auduga fari fat a gashin kansa da girarsa har cikin hanci, sai ya yi ta kaki kafin ya iya cin abinci, kuma in zai maka magana da ƙarfi yake yi kamar kana tsallaken titi, saboda ƙarar injin saƙa ta taɓa masa kunne, a cikin ɗakin injin da hannu da leɓe suke magana. Bakin get kuma kasuwa ce guda, masu tuwo da masu shinkafa da wake da masu shayi da masu facin keke, kowace mai abinci da littafinta na bashi, ka ci wata guda a rubuce, ranar albashi ta zo da kujerarta ta zauna bakin get tana jiran kowa ya fito. Ranar nan har mai yankan farce sai ya san an yi albashi.

Gidan hayar da na tashi ɗakuna ne a jere suna kallon juna, rijiya ɗaya a tsakar gida. Mu Hausawa ne daga wajen Kano, ɗakin kusa da mu Tibi ne, ga Idoma, ga mutumin Kagoro, ga wata Bayarabiya mai sayar da atamfa da muke kira Mama, kuma yaran gidan gaba ɗaya da Hausa muke wasa. Da Sallah innarmu sai ta cika kwanuka a kai kowane ɗaki, da Kirsimeti su ma su aiko da shinkafa, kuma don mu ci hankali kwance Musulmi suke kira ya yanka musu kazar. Ban ce ba a faɗa ba, ana yi, a kan layin rijiya da kuɗin wuta da yaro ya doki yaro, amma da yamma maigidan haya ya tara su a sasanta, gobe kuma tare za su hau keke su tafi aiki.

To me ya faru? Abu biyu ne suka haɗu a kusan lokaci guda. Na farko masaƙun suka fara ciwo tun zamanin SAP, shirin tsuke bakin aljihu na Babangida, daga 1986, naira ta faɗi, kayan gyaran inji da rini duk daga waje ake sayo su, wuta ba ta tsayawa sai janareta, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi tsada ya yi wuya, noman auduga ya ja baya, ga kuma atamfar Chana ta fasa-ƙwauri tana shigowa ta iyaka a rabin kuɗi har da kwaikwayon zanen tamu. Aka fara da rage ma'aikata, aka koma hutun dole, KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, UNTL ma ta tsaya a 2007. Inda babanmu ya yi aiki haka aka sallame su ba giratuti, ya yi ta zarya da takardunsa a cikin leda har Allah ya karɓi abinsa. Da mai abincin da mai facin da mai gidan hayar, duk ranar aka sallame su su ma.

Na biyu kuma rikicin Shari'a na watan Fabrairun 2000, ya sake tashi a watan Mayu, sannan na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002. Ba zan shiga wa ya fara ba, an kashe mutane ta kowane ɓangare kuma na san gidajen da aka yi makoki nan da can. Mu maƙwabcinmu Kirista ne ya ɓoye mu a ɗakinsa har sojoji suka zo, kuma na san Musulmin da suka yi wa Kiristoci haka a Tudun Wada. Bayan ƙura ta lafa kowa ya ce bari ya koma inda in abu ya tashi cikin dare zai ga nasa. Aka dinga sayar da gidaje a wulaƙance, wasu ma musaya suka yi, ka ba ni naka na Sabon Tasha in ba ka nawa na Kawo. Musulmi suka yi Rigasa da Hayin Banki da Rigachikun da Tudun Wada, Kiristoci suka yi Sabon Tasha da Narayi da Romi da Gonin Gora. Akwai sauran Musulmi a Kakuri da Makera da Nasarawa, Barnawa ma a gauraye take, amma ba kamar da ba. Ita Rigasar taka da kake gani ba iyaka, ni na san ta gonaki sun fi gidaje yawa, wannan tashin da na masu gudun matsalar tsaro daga ƙauyukan Birnin Gwari ne suka cika ta, tashar jirgin Abuja da aka buɗe a 2016 ta zo ta ƙara wa filaye kuɗi.

Abin da ke ci mini rai, garin yana ta faɗi, an yi sabuwar gadar Kawo an yi tituna, ga sabuwar unguwar Millennium City a tsallaken kogi, ban raina ba, amma yaro ɗan shekara ashirin a Rigasa bai taɓa zama aji ɗaya da ɗan Narayi ba, yana ɗauka haka Allah ya halicci garin. Otal ɗin Durbar da aka gina don bikin al'adun gargajiya na FESTAC na 1977 an rushe shi a 2020, masaƙun kuma ko allo babu a jikin katangar da zai gaya maka dubban mutane sun ci abinci a nan.

Don haka ɗana, tun Baba, wato kakan naka, yana da ƙarfi ka zauna da shi ka kunna rikoda a wayarka. Ka tambaye shi wace masaƙa ya yi, a wane sashe, kaɗi ko saƙa ko rini, nawa ne albashinsa na farko, su wa ke ɗakin kusa da nasa kuma ina suka koma. Ka ce ya nuna maka katin aikinsa in yana nan, ka ɗauki hotonsa. In kana son na takarda kuma ka je Arewa House a titin Rabah, gidan Sardauna ne aka mayar wurin bincike ƙarƙashin jami'ar ABU ta Zariya, akwai kuma ofishin adana tsofaffin takardu na ƙasa a titin Yakubu Gowon. In Baba zai iya hawa Keke Napep ka kai shi Kakurin da kansa ya nuna maka get ɗin da yake shiga. Ka gaishe min da shi.