Injin wanki a gidan haya: amsoshin tambayoyinku na wannan satin

Assalamu alaikum jama'a. Tunda damina ta kankama a Legas tambayar injin wanki ta fi kowace yawa a wajena, kuma ban yi mamaki ba, dan yanzu sai ka shanya kaya kwana biyu suna igiya basu bushe ba sai warin danshi. Na zaɓo guda biyar.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Agege, ta ce: "Yara huɗu gareni wanki ya fi ƙarfina, maigida ya ce in zaɓa tsakanin mai baki biyu da otomatik mai ƙofa a gaba. Gidan haya muke, ruwan tanki muke amfani da shi, in babu wutar da za a tayar da bohol sai mu saya wajen mai ruwa. Ni dai raina na kan otomatik ɗin."

Toh Hajiya Allah ya raya yara, amma kafin ki zaɓa bari in faɗa miki yadda kowanne yake sanin abin da zai yi, dan amsarki a nan take. Shi mai baki biyu babu wata ƙwaƙwalwa a cikinsa, taima ce kawai mai waya a naɗe irin ta agogon da ake yi wa wani, kin murɗa ta zuwa minti 15 sai ta dinga komawa a hankali tana ƙas ƙas, a ciki akwai ƴan ƙarafa da suke haɗewa su rabu, su ne ke sa faifan ƙasan ya juya dama ya tsaya ya juya hagu. Shikenan aikinta. Ke za ki zuba ruwa, ke za ki ga ya isa, ke za ki zubar, ke za ki kwashe kayan ki mayar ɗaya bakin na matsewa wanda taimarsa yawanci minti 5 ce. Wato ke ce ƙwaƙwalwar injin.

Otomatik kuwa akwai wani allo na lantarki a bayan maɓallan, masu gyara suna ce masa bod ko fanel, shi ke ba da umarni ɗaya bayan ɗaya kuma baya wucewa gaba sai ya tabbatar na baya ya cika. Da kin danna sai ya fara kulle ƙofa, sannan ya tura wuta wajen bawul ɗin da ke bayan injin ya buɗe ruwa ya shigo. Yadda yake gane ruwa ya isa shi ne abin da ya fi burge ni, akwai wani siririn tiyo da ya taso daga ƙasan gangar da ake zuba kaya zuwa sama, iska ce a cikinsa, ruwa na hawa yana matse iskar, kamar ki kifa kofi a cikin bokiti ki danna shi ƙasa, toh ƙarfin matsewar nan wata ƴar na'ura ke ji ta sanar da bod cewa ya isa haka, sai a rufe bawul. Akwai wata mai auna zafin ruwa, akwai wata a jikin moto mai ƙirga saurin juyawa, in an gama kuma ƙaramin famfo ya tura dattin ruwan waje, a sake ɗiba a yi ɗauraya. Duk wannan tsarin an gina shi ne a kan cewa ruwa na nan a bututu da ƙarfinsa, wuta kuma ba za ta yanke a tsakiya ba.

Kinga inda matsalar gidanku take. In ruwa bai kai ma'auni ba cikin ƴan mintuna bod zai tsayar da komai ya nuna alama, a LG za ki ga IE, a Samsung 4E ko 4C, ma'anarsu ɗaya, ruwa bai shigo ba. Ƙarfin ruwan tanki kuma tsayi ne ke kawo shi, duk mita 10 na tsayi shi ke ba da bar 1 a ma'aunin ƙarfin ruwa, tankin da ke kan ƙarfe mita 3 ko 4 sama da ɗakinku bai kai rabin bar ba ma, sai ruwan ya dinga tsiyaya wankin awa ɗaya ya koma awa biyu ko ya tsaya gaba ɗaya. Ana iya sa ƙaramin famfon ƙara ƙarfi, amma shi ma wuta yake so, kuma ranar da tanki ya ƙafe kika sayi jarkoki wajen mai kura zai yi miki wahala ki juye su a injin da ƙofarsa ke gaba kuma a kulle.

Dan haka gaskiya ni mai baki biyu nake ba ki shawara, ki ɗauki babba kamar kilo 10 tunda yara huɗu ne. Da bokiti za ki zuba masa, in nepa ta ɗauke ki buɗe ki kwashe kayanki, ruwan ɗauraya kuma ki tara ki wanke tsakar gida da banɗaki, in taimar ta lalace duk wani mai gyara a Agege zai canza miki ba tare da an ji jiki ba. Na san ranki ba haka ya so ba, kuma ban ce otomatik ba shi da kyau ba, ya fi fitar da datti kuma ya fi tattalin ruwa, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. In Allah ya hore kun koma gidan da ruwa ya zauna sai a sake magana. Af, kilon da ake rubutawa nauyin busassun kaya ake nufi, kuma kar ki danna su har baki, sai sun samu wajen juyawa suke fita.

Ta biyu wani ango ne daga Mile 12: "Na saya wa amarya mai ƙofa a gaba an rubuta inbata a jiki, mai shago ya ce baya cin wuta. Ƙaramin janareta na zai ɗauka?"

Ango Allah ya ba da zaman lafiya. Inbatar da aka rubuta a jikin injin wanki ba irin ta sola ba ce mai batir, mutane da yawa suna haɗa su. Abin da ake nufi shi ne bod na iya ƙara wa moto gudu ko ya rage masa a hankali yadda ake buƙata, shi ya sa ba ya fizgar wuta da ƙarfi lokacin tashi kuma ƙararsa kaɗan ce. Mai shago bai yi ƙarya ba amma ya bar rabin magana, dan abin da ke shan wuta a irin injin naka hita ce mai dafa ruwa, ita kaɗai kusan wat 2000 take ja, shi kuwa ƙaramin janaretan nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai bai kai wat 1000 ba. Ba zai ɗauka ba, kuma wutarsa hawa da sauka take yi, abin da bod ya fi tsana kenan. In dole sai da janareta a samu babba mai daidaita wuta, a kuma sa injin a kan ruwan sanyi. Ko da wutar nepa ne ma ka ce wa amarya ta bar shi a sanyi, ruwan Legas ba wani sanyi gareshi ba kuma kayan yau da kullum suna fita tas, zafi sai na tawul da zanin gado lokaci lokaci. In layinku Band A ne, wato rukunin da aka fi ba wuta, ka san tun Afrilun 2024 da aka kai yunit ɗaya naira 225 lissafin wuta ya canza.

Abin da nake roƙonka da shi, ka sa masa soket nasa shi kaɗai mai wayar ƙasa, da ƴar na'urar nan da ke jinkirta wuta in an dawo da ita, kuma in an gama wanki a zare filogi. Bod yakan ƙone lokacin dawowar wuta. Garantin shekara 10 da ka gani an manna a gaba na moto ne kawai, ka duba takardar ka ga bod nawa aka ba shi. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar wanki kar a fizgi ƙofa, a jira mintuna kaɗan, in akwai ruwa a ciki akwai wata ƴar ƙofa a ƙasa ta gaba inda ake tsiyaye shi.

Wani ɗan'uwa daga Idi-Araba ya ce ya ga tokumbo a kasuwar Alaba da rabin kuɗin sabo, ya ɗauka?

Malam ana dacewa, amma sai ka buɗe ido. Fara duba takardar da ke manne a baya, in ɗan Amurka ne mai wutar 110 ko 120 ka bar shi ko nawa ne, namu 220 zuwa 240 ce, ƴan Turai su ne suka yi daidai da mu. Kar ka yarda da an kunna fitila ta kawo an kashe, ka ce a haɗa ruwa ya ɗiba ya juya ya zubar ya matse a gabanka. Ka sa hannu ka juya gangar, in ka ji gurnani ko tana lilo boris ya tafi, gyaransa kuma aiki ne babba. Sannan ka tambayi mai gyara ko ana samun bod ɗin wannan samfurin a gari, dan injin da babu kayansa ranar da ya tsaya ya zama tebur. In bambancin kuɗin ba yawa ni sabon Hisense ko Thermocool ko Scanfrost mai garanti ya fi kwanta min.

Wata kuma ta ce sabon injinta in ya zo matsewa sai ya dinga tsalle yana tafiya, wani lokaci ya nuna UE ya tsaya. Ƴar'uwa ki fara leƙa bayansa, akwai manyan noti uku ko huɗu da kamfani ke ɗaure ganga da su saboda tafiya a mota, masu kawowa sun sha mantawa basu cire ba. In an cire sai a daidaita ƙafafunsa huɗu su taka ƙasa sosai. Ita UE ba lalacewa ba ce, kafin matsewa bod na juya gangar a hankali yana auna ko nauyi ya taru gefe guda, in ya taru sai ya ƙi sakin gudu, dan juyi 1000 ko 1200 a minti da bargo dunƙule a gefe zai iya illata injin. Ki buɗe ki warware kayan, in abu ɗaya ne mai nauyi ki ƙara masa tawul biyu. Ki kuma rage omo, kumfa mai yawa na rikita ma'aunin ruwa ya yi ta maimaita ɗauraya, akwai omon da aka yi musamman dan injin, shi za ki nema.

Ta ƙarshe, ana iya sa shadda da hula? Shadda mai aiki a wuya ni bana sa ta, musamman a mai baki biyu, faifan nan na jan zare kuma ƙyallinta na dusashewa, in ta kama dole a juya ta bai a zaɓi wanki mai laushi da ruwan sanyi a rage matsewa. Hula kam a kai wa mai wankin hula, injin zai karya ta. Kayan yara da suka taɓa najasa a fara wanke wajen da ruwa mai tsafta kafin a haɗa su da sauran, musamman in akwai kayan sallah a ciki. In an gama kuma a goge robar bakin ƙofa a bar ta a ɗan buɗe, dan danshin garin nan cikin sati kaɗan yake sa ta yi baƙi ta fara wari, a kuma dinga leƙa ƙarƙashi saboda ɓera da kyankyaso suna son ɗumin wajen wayoyi.