Injin yankan ciyawa mai zare: na fetur ko na batir?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Zariya, gidana fuloti biyu ne. An gine ɗaya, ɗayan fili ne da 'yan dashen mangwaro da gwaiba. Duk damina sai ciyawa ta cinye shi, in biya yara su sare da langalanga, bayan sati uku ta dawo kamar ba a yi ba. Bana har maciji muka kashe a gindin katanga. Na ga injin nan da ake ratayawa a kafaɗa mai yanka da zaren roba, akwai na fetur akwai na batir. Ina da sola a gida. Ɗana kuma yana ta cewa in sayi babba, ya riƙa yi wa maƙwabta suna biyansa. Wanne ya dace in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara tsarewa. Tambayoyi biyu ka haɗa a wuri ɗaya, ta filinka da ta ɗanka, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Filinka na batir yake so. Sana'ar da yaron yake hange kuwa sai na fetur. Bari in fara da filin.

Akwai abin da ke ruɗar mutane idan suka shiga intanet neman shawara kan wannan inji. Yawancin bayanan daga Amurka suke fitowa, kuma can aka haife shi. Wani mutumin Houston a jihar Texas, George Ballas, shi ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1970, bayan ya lura da yadda burushin wankin mota ke juyawa yana dukan jikin mota ba ya kankare fenti. Ya sa masa suna Weed Eater. To amma su can aikinsa gyaran baki ne kawai. Babban inji mai taya ya riga ya aske filin, sai a bi gefen katanga da gindin itatuwa da wannan, duk mako. Mu a nan shi muke so ya yi aikin gaba ɗaya, a kan ciyawar da ta sha ruwan Agusta ta kai gwiwa. Saboda haka in ka ga an rubuta cewa batir ɗaya yana gama gida, ka san ba irin gidanka ake nufi ba.

Kafin ka je kasuwa, fita ka duba abin da ke tsirowa a filin. In kirikiri ne da harƙiya da guɗe-guɗe da ƙarangiya tun ba ta yi ƙaya ba, zare yana cin su kamar wasa, ko da ƙaramin inji. In kuwa tofa ce, ko gamba, ko kyasuwa da ta yi kara, ko tafasa da ta riƙa jikinta ya koma icce, zare zai riƙa tsinkewa ne kawai, ciyawar tana naɗe kan injin. Waɗannan wuƙar ƙarfe suke so, kuma wuƙa ba ta zama sai a kan inji mai miƙaƙƙiyar sanda da hannu biyu irin na keke da maratayi. Mai lanƙwasasshiyar sanda na zare ne kaɗai.

Fuloti ɗaya mai ƙafa 50 da 100 bai cika murabba'in mita 470 ba. In ciyawar ba ta wuce idon sawu sosai ba, aikin rabin awa ne zuwa minti arba'in. Wannan shi ya sa na ce batir, amma da sharaɗi: ba za ka bar ta ta yi sati uku ba. Daga Yuni zuwa Satumba, duk kwana bakwai zuwa goma ka zagaye filin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yankan farko ma ka bar wa yaran da langalangarsu su kwantar da wadda ta riƙa, su tsince duwatsu da gwangwani da guntun waya, daga nan injin ya karɓa. Maciji wurin ɓuya yake nema, shi da ɓerayen da yake bi, kuma filin da ake askewa duk mako ba ya ba su wannan.

Yanzu maganar batirin, don a nan ake cutar mutane. Kada lambar bolt da aka rubuta da manyan haruffa ta ruɗe ka. Batir mai 18 da mai 20 abu ɗaya ne: ƙwayoyi biyar ne a jere, kowace 3.6, sun ba da 18, sai dai in an cire shi daga caji nan take yakan nuna wajen 20, wasu kamfanoni suka zaɓi rubuta wannan don ya fi daɗin ji. Haka 36 da 40. Abin da za ka yi shi ne ka ninka bolt da lambar Ah (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka) da ke jikin batirin. Mai 18 da 5Ah ya ba ka 90, mai 36 da 4Ah ya ba ka 144, mai 18 da 2Ah kuwa 36 kacal. Wannan adadi shi ne girman tankinka. Mai 90 zai yi maka kamar minti 20 zuwa 30 a ciyawa mai laushi, in ta jiƙe ko ta yi kauri ya gaza haka. Ke nan filinka yana buƙatar irinsa biyu, ko kuma inji mai 36 ko 40 da batir babba guda. In da hali na biyun na fi so maka, domin yana jan zare mai kaurin milimita 2 zuwa 2.4 ba ya shaƙewa, alhali ƙananan yawanci 1.6 suke ɗauka. Ka kuma nemi wanda aka rubuta brushless a jikinsa, wato 'yar motar lantarkin da ke juya zaren ba ta da gawayi a ciki. Ba ta saurin zafi, kuma tana tattalin caji.

Akwai wasu 'yan ƙanana da suka cika kasuwa da shafukan Facebook, marasa nauyi, da 'yar wuƙar roba ko faifai kamar murfin gwangwani, an rubuta musu lambobi masu ban tsoro irin 88 ko 98 da haruffan VF. Ɗaga batirin a hannunka, za ka ji kamar fanko. Na gyaran gefen tukunyar fulawa ne. Araha ba ta ado. Ka tsaya kan sunan da za ka iya samun batirinsa daban bayan shekara uku, irin Makita, ko Ingco da Total da suka fi yawa a shagunanmu, domin batir shi ne abin da zai fara mutuwa kuma shi ne kaso mai tsoka na kuɗin. In kana da direla ko wani kayan aiki mai batir a gida, sayen inji na kamfani ɗaya mai irin batir ɗaya zai sa batiran su riƙa shiga juna.

Solarka ta warware abin da ke hana yawancin mutane sayen na batir. Cika batir mai 90 bai kai wutar da fankar sama ke ci a awa biyu ba. Ka yi caji da hantsi lokacin da rana ke dukan faranti, ba ka taɓa ajiyar dare ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 kowa ya san yadda lita ta koma, amma gaskiya ba kuɗin mai ne babban dalilina ba. Ƙaramin injin fetur rabin lita zuwa lita guda yake sha a awa, filinka ba zai talauta ka ba. Babban dalilina shi ne rani.

Ga abin da nake gani duk shekara a wurin aikinmu na gyaran injuna. Ruwan farko ya sauka, ciyawa ta ɗago, sai ga mutane da injunansu a kafaɗa, wai sun ja igiya har hannu ya gaji ya ƙi tashi. In ka tambaya, tun Oktoba aka jingine shi da sauran mai a tanki. Fetur ba ya son zama. Bayan wata ɗaya ya fara lalacewa, mai sauƙin cikinsa ya tashi, ya bar wani danƙo da ke toshe ƙananan hanyoyin kafireta, 'yar fatar da ke cikinta ta bushe ta sandare. Injin da ke aiki kullum ba ya samun wannan ciwo. Na mai gida, wanda zai yi wata huɗu yana aikin rabin awa a mako sannan ya kwanta wata bakwai ko takwas, shi ne abokin cinikinmu na dindindin. Na batir kuwa sai dai ka bar shi da kamar rabin caji, ka cire shi daga jikin injin, ka ajiye a ɗaki mai sanyi. Zafi ne maƙiyinsa. Kada ka bar shi cikin mota ko ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, kada ka sa shi a caji yana da zafi daga aiki, bari ya huce tukuna. Batir irin wannan ba a so a yi masa caji in zafinsa ya haura digiri 45, kuma caja mai kyau da kanta take ƙin karɓa.

Sai ƙara. A ma'aunin ƙarfin sauti, na fetur yakan kai desibel 95 zuwa 100 a kunnen mai riƙe da shi, alhali daga 85 kunne ke fara lahani in aka daɗe. Na batir kana iya yanka bayan asuba da sanyin safiya ba ka tashi jaririn maƙwabci ba.

To, mu koma kan yaron. In da gaske yake, ba zumuɗin kwana biyu ba, lissafin ya juye gaba ɗaya. Mai yi wa mutane aiki ba ya zaɓar ciyawa. Filin da aka yi watsi da shi tun farkon damina za a kira shi, ko harabar makaranta, ko bayan masallaci, ko maƙabarta, inda gamba ta kai ƙirji kuma babu soket. Ba zai ce wa mai aiki a jira batir ya cika ba. Wannan sai na fetur mai girman inji cc 35 zuwa 52, miƙaƙƙiyar sanda, da kan zare da wuƙa mai haƙora uku. Nauyinsa yakan kai kilo bakwai ko takwas, kafaɗa za ta faɗa masa. Alherinsa shi ne duk mai gyaran janareta ko injin feshi zai iya buɗe shi, kuma fulogi da kafireta da igiyar tayarwa na irin na China ba su da wuyar samu.

Yawancinsu irin ƙaramin janaretan nan ne mai haɗin mai, wato sai an zuba man 2T cikin fetur. A nan injuna da yawa ke mutuwa. Injunan kamfanonin Stihl da Husqvarna suna son kashi 50 da 1, wato mililita 20 a lita guda. Da yawa daga cikin na China 25 da 1 suke so, mililita 40 a lita. A karanta abin da ke jikin tanki ko takardar injin, a auna da sirinji ko 'yar gorar awo da ke zuwa tare da shi, ba da ido ba. Kuma man 2T na gaske, ba baƙin man mota ba kamar yadda aka saba yi wa janareta. Wannan inji yana gudun da ya ninka na janareta, baƙin mai yana cika shi da gawayi. Wata rana aka kawo mini sabo fil, kwana uku da saye, mai gadi ya zuba masa fetur zalla. Ko rabin awa bai yi ba fistin ya kama, sai da aka canza shi da silinda. Wanda ba ya son wannan haɗe-haɗe, akwai masu injin Honda GX35, da fetur zalla suke aiki, mansu yana wuri daban kamar na babur, sai dai sun fi tsada kuma jabunsu ya yi yawa.

Shawarata, kada ka sayi babba don kanka da sunan yaro zai yi sana'a, ka wayi gari shi ya koma makaranta kai kana fama da igiya. Ka sa shi ya bi wani mai wannan aiki na sati biyu cikin damina. In ya dawo bai sauya magana ba, a saya masa nasa, ya riƙa biya a hankali daga abin da yake samu. Ranar da tafasa ta fi ƙarfin naka ma ka samu mai taimako a gida.

Ko wanne ka riƙe, zaren yana harba tsakuwa da ƙarfin da zai fasa gilashin mota, balle ido. Tabarau na aiki dole ne, da dogon wando da takalmin roba mai tsawo, ba silifa da jallabiya ba. Yara su yi nisan mita 15. Ciyawa mai tsawo daga sama ake fara cin ta a sauko, kuma bakin zaren ne ke yanka, don haka tura kan injin cikin ciyawa ba ya ƙara sauri, caji kawai yake sha. Zaren da ya kwana cikin hunturu yakan bushe ya riƙa karyewa, ka jiƙa shi a ruwa kwana ɗaya kafin ka naɗa. In kana kiwo, ka sani zare niƙe ciyawa yake yi ya bar guntayen roba a ciki, ta dabbobi a yanka da lauje.

Dashenka kuma su na fi ji wa tsoro. Ɓawon ƙaramin mangwaro ko gwaiba siriri ne, ta cikinsa abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa. Zare in ya zagaye gindin ya kware shi, itacen zai yi 'yan watanni kamar lafiya sannan ya bushe, ka yi ta zargin gara. Ka samu guntun bututun ruwa mai faɗi, tsawon taƙi ɗaya da rabi, ka tsaga shi a tsaye ka sanya wa kowane gindi, ciyawar da ke cikin da'irar kuma a cire ta da hannu.